Dakalin da Mata Ba Sa Hawa

U Ba Nyunt ya kwaɓa baƙin ƙaro da toka, ya shafa a kafaɗar sabon mutum-mutumin Buda. Na asalin, mai shekara ɗari bakwai, girgizar ƙasa ta murƙushe shi tare da gidan sufayen da ke bayan garin Bagan. Shi ne aka ɗauko dattijon daga garin Salay ya ƙera irinsa, yadda magabata suka yi.

Abu ɗaya ya roƙa: ranar buki a bar matarsa Daw Thein Hla ta hau dakalin mutum-mutumin ta liƙa masa ganyen zinariya da hannunta. Shekara arba'in tana miƙa masa nata daga bayan shinge, tana masa tsiya wai kullum a karkace yake liƙawa. Da ciwo ya kwantar da ita, ya yi mata alkawari wannan karon sai ta hau.

Sayadaw, babban sufin, ya ƙi.

"Mace ba ta hawa, kai ma ka sani. Ta ba ka ka liƙa mata."

Da damina ta kankama, saura aikin ƙirjin mutum-mutumin kawai, aka aiko masa daga gida. Ya daɗe bai dawo ba. Da ya dawo ya rame, bakin nan da ba ya gajiya da barkwanci ya mutu. Aka kawo masa tokar ƙaiƙayin shinkafa mai laushi don kwaɓin ƙirjin, ya ce a bar ta, ya zo da tasa. Ƙirjin nan ya ci masa lokaci fiye da fuska, har sufaye suka fara gunaguni.

Ranar buki maza suka yi cincirindo a kan dakali, kowa na danna zinariyarsa a ƙirjin. Mata suna ƙasa suna miƙo nasu. U Ba Nyunt ya tsaya cikin matan hannu wayam, yana kuka kamar yaro.

Sayadaw ya tausaya, ya tambaye shi ko maiɗakin nasa ta haƙura.

"Ta hau, ranka ya daɗe. Ta riga kowa."

A Salay ba a kwasar tokar mamaci bayan an ƙone shi, amma ta Daw Thein Hla mijinta ya kwashe ta tsaf.