Ranar da Goggo Hajo Ta Sauke Zabira

Ina da shekara bakwai, zamanin mulkin Nasara, aka shigo da wani magini zaurenmu a Ƙofar Taramniya bayan azahar. Daga kan soro ya faɗo, kansa ya fashe. Babana wanzami ne, amma ran nan ya tafi suna ƙauye, sai tsohuwar zabirarsa a rataye.

Maza suka yi cirko-cirko suna salati. Sai ga Goggo Hajo, ƙanwar babana, ta fito ta sauke zabirar.

Malam Bube, dattijon unguwa, ya daka mata tsawa: "Ke Hajo! Macce ba ta taɓa zabira!"

Ta miƙa masa aska, ta ce, "To Malam, bismilla."

Bai motsa ba.

Ta ɗora mini ƙwaryar ruwan bagaruwa a hannu, ta durƙusa. Har yau ina jin ƙarnin jinin nan. Ta aske gefen raunin, ta zare tsagin ƙashi, ta wanke, ta ɗaure. Ashe tun tana yarinya take leƙen aikin kakanmu ta bayan zana. Ba ta ɗago ba ta ce, "Kan da ya fashe bai tambayar hannun wa ya gyara shi."

Maginin ya warke. Unguwa ta ce aikin Baba ne.

Yau jikata likitar ƙwaƙwalwa ce, tana buɗe kawunan manyan maza a asibiti. Duk mai cewa wurin Turawa ta samo wannan zuciya, ƙarya yake yi. Ni na riƙe ƙwaryar.