Alawar da Dakta Ya Tsotsa

Tun da aka kwashe littattafan laburaren asibitinmu, alawa ake ba mu: ka tsotsa, sabon bincike ya zauna maka a ka. Yau Malam Sallau mai laburare ya tsamo mini wata daga kofin ruwa.

"Malam, wannan ai an tsotsa!"

"Haƙuri, Sista Lantana, uku aka aiko. Dakta Gambo kaɗai ya sha, kuma na ɗauraye."

Wata mai jego na can ɗakin haihuwa tana zubar da jini. Na runtse ido na jefa a baki, warin goro da taba ya cika mini hanci.

Binciken ya zauna mini a ka, na je na tsayar da jinin. Matar ta kama hannuna tana godiya, sai na ji bakina ya ce da muryar Dakta, "Ke, sake ni, ƙazama!"