Kankaren da Ya Ƙi Tsayawa

Allurar injin matsi ta hau, ta ƙara hawa kamar da gaske take, sai dunƙulen kankaren ya ce ƙas, ya zube kamar busasshen burodi. Saura yatsa biyu ta taɓa jan layi.

"Ko ba komai," in ji Dakta, malamin darasin, yana kaɗe ƙura daga rigarsa, "ba ki da sauyin hali."

Injiniya ta kwashe ɓaraguzan ta zuba a bokiti. Sunan da ake kiranta ke nan a gida tun ranar da ta samu gurbi a sashen gine-gine na jami'a. Da fari da alfahari ake faɗarsa. Daga baya muryar ta ɗan canza.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Sau ɗaya a wata ɗalibi zai kwaɓa siminti da yashi da tsakuwa, ya zuba a mazubin ƙarfe, ya bari a kan teburi. Washegari Oga, ma'aikacin ɗakin gwaji, zai kwance mazuban, ya shafa wa kowane dunƙule lambar mai shi da fenti, ya jefa a tankin ruwa ya yi mako huɗu, sannan a kai shi inji. Wanda kankarensa ya kasa tsallake jan layi a gwajin ƙarshen shekara, sai ya nemi wani sashen.

Mutum biyu ne a kowane teburi, kuma yawanci kwaɓi ɗaya suke yi su raba. Ban da nata teburin. Tun makon farko ta ga yadda abokin zamanta ke auna ruwa da ido, ya caka kwaɓin sau biyu ya tafi shan iska, ta ce kowa ya yi nasa: mazubin hagu nata, na dama nasa. Haka ta gaya wa Oga, mutum mai tsantseni da ba ya barin ɗalibi ya taɓa masa fenti, kullum yana bayan teburan, ya ba taga baya, wai can ne idonsa ke gani.

Dunƙulen abokin zaman ya tsallake layi a gwajin farko. Nata ya zube. Aji ya raɗa masa Mai Hannu.

"Abin a jini yake, ƙanwata," ya ce mata. "Wasu littafi, wasu baiwa."

Ta koma littafin. Ta gano yashin yana da laka, ta wanke shi. Ta tankaɗe tsakuwa. Ta rage ruwa, ta koyi zuba kwaɓi hawa-hawa tana cakawa har kafaɗarta ta riƙe. Yarinyar da a farkon shekara ko tambaya ba ta iya ɗaga hannu ta yi, sai ga ta tana jayayya da Dakta a kan lissafi, wani lokacin ma ta yi gaskiya, abin da bai ƙara mata farin jini a wurinsa ba. 'Yan aji suka riƙa zuwa ta yi musu bayani. Duk wanda ya bi shawararta, kankarensa ya ƙara ƙarfi. Na Mai Hannu ma, da bai bi shawarar kowa ba, wata bayan wata sai ƙaruwa yake. Nata yana nan inda yake, yatsa biyu ƙasa da layi, da biyayya.

A gida yayanta ya samu abin yi. "Injiniya, ranar da kika gina mana gida ki sanar da wuri, mu shimfiɗa tabarma a waje."

"Kai dai ba ka da kirki," in ji mahaifiyarsu, tana danne dariya. "Ke kuma ki sauke girman kan nan, ki roƙi yaron nan Mai Hannu ya koya miki."

Ta roƙe shi. Ya ce sirrin shi ne ta daina tunani. Watan nan ta kwaɓa da ido, ta caka sau biyu, ta fita tana jin kamar ta yi sata. Sakamakonta bai motsa ba. Shi kuwa a watan ne kaɗai nasa ya faɗi, ya bi aji yana cewa ta sa masa ido.

Ranar kwaɓin ƙarshe ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta yi duk abin da shekarar ta koya mata, sannan ta ƙara wani abu da ta karanta cewa yana riƙe tsagewa: ta warware tsohon buhu, ta yayyanka zaren gajeru, ta cuɗa a kwaɓin ba tare da ta gaya wa kowa ba. In za a kore ta, a kore ta da dalili.

Mako huɗu suka cika. Aka sa dunƙule mai lambarta a inji. Ya zube wanwar, yatsa biyu ƙasa da layi.

"Ki same ni a ofis," in ji Dakta, a hankali wannan karon. "Akwai sassa masu kyau da ba ruwansu da siminti."

Ta ɗauki jakarta, amma taurin kai ya tsayar da ita a bakin ƙofa. Aka sa na Mai Hannu. Allura ta wuce jan layi, ta wuce inda kowa ya taɓa kaiwa a shekarar, har Dakta ya gyara tabarau ya ce a ci gaba da matsawa a ga iyakarsa. Mai Hannu yana ɗaga wa jama'a tafin hannunsa, su gani su shaida. Da ƙyar dunƙulen ya tsage gida biyu.

Oga ya ɗauko shi, ya zagaya bayan teburi inda ya saba tsayawa yana fuskantar ɗalibai, hagunsa a damansu, ya ɗaga ɓari ɗaya don a ga cikin. Ɗaya ɓarin ya biyo shi yana reto, zaren buhu ya riƙe shi.