Takardar Ruɗewar Inna

Maƙaryata ne, kuma sun san ƙarya suke yi. Ina nufin masu fararen rigunan nan da ke zama a talabijin suna lanƙwasa murya, wai a ba su ƙwayar halittar mamaci su dawo da shi, da 'yan majalisar da ke gyaɗa musu kai kamar ƙadangaru. Ni ban yi karatun likita ba. Amma na san wani kafinta.

Ranar Talata da hantsi ya rufe shagonsa, ya karkaɗe garin katako daga rigarsa, ya ɗauki mahaifiyarsa zuwa wurin likitar ƙwaƙwalwa. Ya ce mata hawan jini za a duba. Abin da yake so takarda ce mai hatimi, wadda za ta ce tsohuwa ta ruɗe, kada wata hukuma ta ƙara kama maganarta.

'Yarsa ce ta rasu, wata bakwai ke nan. Shekararta shida, zazzaɓin kwana uku. Kafin a yi mata sutura wani ma'aikacin asibiti ya ja shi gefe ya ce an adana ɗan abin da ake buƙata a cikin sanyi, ko da zai so. Doka ta hana kwafar mutum daga ƙwayar halittarsa yau shekara talatin da biyar, majalisa kuma tana ta jan ƙafa kan ɗage ta, amma akwai asibitin da ba ya jiran majalisa. Matarsa ta amince tun kafin ya rufe baki. Har ta fito da kayan yarinyar ta wanke ta goge.

Inna, mahaifiyar tasa, ita ce ta tsaya masa a wuya. Matar da ko sunan ɗan majalisar unguwarsu ba ta sani ba, ta sa aka rubuta mata kwali, kullum ta hau mota da ciwon gwiwarta ta je ƙofar majalisa ta tsaya cikin masu zanga-zangar kada a ɗage dokar. A gida ta faɗa masa baro-baro: ranar da ya taka asibitin nan, ita da ƙafarta za ta kai shi ƙara. Ya yi lallashi, ya yi kuka, ya buga ƙofa har ta tsage ya dawo ya gyara abinsa. Ko gezau.

Hujjar ruɗewarta kuwa yana da ita, har ya rubuta a bayan takardar awon katako. Tana dafa masa kifi ta ce shi ne abin da ya fi so, shi kuwa tun yana yaro ƙarninsa ke tayar masa da zuciya. Tana ba baƙi labarin daɗin muryarsa a waƙar makaranta, alhali matarsa kan ce zarto ya fi shi murya. Tana rantsuwa ya taɓa karya hannun hagu. Duk wannan ba sabo ba ne, da shi ya tashi, yana ganin yadda fuskarta ke ɗan faɗuwa duk sanda ya ce bai tuna ba. Yanzu ne dai ya ga amfaninsa.

Likitar kuwa yarinya ce, ba ta kai shi shekaru ba. Ta tambayi Inna rana da wata, ta faɗa. Ta ba ta kalmomi biyar ta riƙe, bayan wani lokaci ta zayyano su a jere. Ta ce ta zana agogo. Inna ta zana, sannan ta nuna na bango ta ce, "'Yar nan, naki ne ke baya da minti goma. Shi za ki fara dubawa."

Kafinta ya matso. Ya miƙa takardarsa. Likitar ta karanta, ta tambayi Inna batun hannun.

"Ya karye," in ji Inna. "Na hagu, yana shekara bakwai, daga katangar makaranta. Ni na riƙe shi aka ɗora."

Kafinta ya ajiye hoton ƙashi da ya yi musamman don wannan rana. Ƙashi lafiyayye, ba tabo. Likitar ta fara rubutu. Inna ta dubi alƙalamin, ta dubi ɗanta, ta gane ba hawan jini ya kawo su ba.

"Ashe takardar hauka ka zo karɓar min."

"Inna, 'yata nake so."

"Ba ita za su ba ka ba. Wata baiwar Allah za su ba ka mai fuskarta, ka zauna kana kallonta kana jiran ta tuna abin da ba ta taɓa yi ba. Ka so ta, ka ji haushinta, duk a wuni ɗaya. Ita kuma ta girma tana zaton ita ce ta gaza."

Ya ce mata cikin ɗaci wannan hasashen tsufa ne, ita ina ta sani.

Inna ta buɗe jakarta ta zaro wata tsohuwar takarda da ninki ya kusa raba ta huɗu, wadda ta sha ɗauka zuwa ƙofar majalisa tana dawowa da ita ba ta nuna wa kowa ba. Ba ɗanta ta ba, likitar ta miƙa wa. Likitar ta karanta, ta ɗago ta dube shi, ta ajiye alƙalami.

Shaidar mutuwa ce, da sunansa cif, da sunan Inna a gurbin uwa: yaro ɗan shekara tara, an binne shi shekara biyu kafin a haifi kafinta, shi da aka kwafo daga jikin wancan, ya kwashe shekara talatin da takwas yana cin kifin wani. To, in kun isa, ku dubi idona ku ce an dawo wa matar nan da ɗanta.