Ranar da Na Kayar da Kaka

Daminar da shan inna ya kama ni a Garhanga, kowa na gona, sai ni da Kaka a gindin rumbu. Ta ɗumama man shanu tana murza mini ƙafar da ta shanye. Tsorona kada in ƙare da rarrafe.

Ta tokare tafin ƙafar da hannunta. "Haba maigida, ashe rago na aura? Ture ni!"

Na yunƙura har da hawaye. Babban yatsa kaɗai ya motsa, amma Kaka ta wuntsila tana ihu, "Wayyo, ya kashe ni!"

Yau ina tafiya, ko da yake da sanda. Tun da ta rasu, ba hannun da ya ƙara taɓa ƙafar nan sai nawa.