Sunan 'Yar Fari

Tun da makarantu suka raba wa ɗalibai allon lantarki mai jarraba yaro har a gida, iyaye ba sa zuwa makaranta sai an kira su. Ranar Talata aka kira Tasalla mai waina a kan 'yarta ta fari, Zulaihatu.

Malama Hindatu ce ta tarbe ta, ita da ta taɓa rantse mata cewa karatu kaɗai allon yake saurara.

"Karatunta ba laifi, Inna," in ji malamar, idonta a ƙasa. "Makin kulawar gida ne ya kayar da ita. Allon ya ce wata tara ba ki kira sunanta ba, ba ki yaba mata ba. Za a mayar da ita ɗakin kwanan marasa gata."

Tasalla ta dafe ƙirji. "Ashe mu yake saurara? Malama, 'yar fari ce fa! Ke kin taɓa jin mahaifiyarki ta kama sunan ɗanta na fari?"

"Na sani, Inna. Ni sa hannu kawai nake yi."

"Kuma kin sa."

A bakin ƙofa Tasalla ta tarar da Zulaihatu rungume da allon, ta riga ta karanta sakamakon. Tasalla ta miƙa mata wainar da ta ƙullo mata tun safe. Yarinyar ba ta karɓa ba.

"Inna, wata tara fa, ko sau ɗaya."

Tasalla ta buɗe baki za ta kira ta, sai ta ga koriyar fitilar allon ta kama, alamar yana saurare, yana jira.