Manomin da Ya Goge Kuɗin Tulu

To, tun da ka ce gyara ka zo yi, zauna in ba ka wani misali kafin ka sa hannu.

Akwai wani manomi da ya gaji gona a gefen wani kufai, inda aka ce dā can zangon fatake ne. Mutum ne mai son tsafta ƙwarai. Fartanyarsa ba ta kwana da ƙasa a jiki, hularsa kuwa komai tsufanta sai ka rantse jiya aka wanke ta. A shekarar da abin ya faru, ɗaya daga cikin shanun huɗarsa biyu ya ci wani abu a daji, cikinsa ya kumbura, kafin a kawo wuƙa ya mutu. Sa guda ba ya jan garma, ga damina ta ƙarato. Yana cikin wannan damuwa, wata rana da hantsi yana tone kututturen marke da ke tare masa kunya, sai diga ta daki wani abu. Ya sa hannu ya share ƙasa, sai ga ɗan tulu an liƙe bakinsa da yumɓu. Da ya fasa, tsofaffin kuɗi ne a ciki, sun manne da juna, wasu baƙi ƙirin, wasu sun yi kore kamar gansakuka.

Ranar kasuwa ya ɗebi uku ya kai wa wani tsohon maƙeri mai ƙera zobba da warwaro. Tsoho ya murza ɗaya da babban yatsa, ya ɗaga ta wajen haske, ya daɗe yana dubawa. Ya ce akwai na azurfa a ciki, akwai na tagulla, amma ba a ƙarfen darajarsu take ba, a rubutun da zanen da ke ƙarƙashin dauɗar take. Ya ce akwai wani mutumin birni mai sayen kayan tarihi da ke zuwa kasuwar duk ƙarshen wata, in ya ga irin waɗannan da rubutunsu, abin da zai bayar zai sayi sa har ya yi saura.

"Jiƙa su a ruwa zalla, ka riƙa sauyawa kullum," in ji maƙeri. "In ƙasar ta yi laushi, ka sa asuwaki ka share a hankali. Abin da ya ƙi fita, bar shi."

Manomi ya koma gida ya yi yadda aka ce. Bayan mako guda ƙasa ta fita, kan wani sarki ya fara bayyana a jikin manyan, ƙananan kuma da layukan rubutu kewaye da bakinsu. Sai dai baƙin yana nan, koren ma yana nan. Kullum ya leƙa ƙwaryar da ya jiƙa su a ciki sai ransa ya sosu. Yana ganin abin kunya ne ya shimfiɗa wa baƙo ɗan birni kaya masu dauɗa, a ce masa baƙauye. Sai ya jiƙa tsamiya ya zuba su a ciki, ya bi da toka. Suka ɗan yi haske, abin ya yi masa daɗi. Ya ɗebo yashin rafi da soson ƙarfe. Matarsa da ke sussuka ta dube shi ta ce, "Malam, ba ruwa kawai maƙeri ya ce ba?" Ya ce, "Ke, wa kika taɓa gani ya sayi baƙin kuɗi?" Waɗanda suka ƙi jin yashi ya tsoma su a ruwan batir da ya karɓo wurin mai gyaran babur, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya da samfefa, takardar nan mai kaushi ta goge katako. Kwana huɗu yana wannan aiki, har fatar yatsunsa ta saɓule. Da ya gama ya shanya su a tabarma suna ɗaukar ido, maƙwabta suka taru suna sam barka.

Ƙarshen wata ya zo. Ya sa wankakkiyar riga, ya ƙulle kuɗin a farin ƙyalle, ya je ya kwance ƙullin a gaban mutumin birni a rumfar maƙeri. Mutumin ya fito da ɗan gilashinsa ya ɗauki ɗaya, ya juya gaba, ya juya baya. Ya ɗauki ta biyu, ya ɗauki ta goma. Kan sarkin ya shafe, sai ɗan tudu kamar ƙurji. Rubutun ya tafi. Na tagullar kuwa ruwan batir ya ci su, sun yi ramuka kamar zanzana. Ya mayar da ƙyallen ya rufe, ya ce, "Baba, da yadda ka tono su ka kawo mini, da mun yi ciniki. Yanzu babu abin da zan karanta a jikinsu." Ya yi sallama ya wuce.

Maƙeri ya jawo ƙyallen gabansa. Ya ware na azurfar ya ɗora a sikeli, ya saya a farashin ƙarfen narkarwa, nauyin ma yashi ya rage shi. Abin da manomi ya samu tunkiya ya saya masa. A daminar nan da hannu ya yi huɗa shi da matarsa, rabin gonar ya kwana saura.

Ka ga, ba mugunta ya yi ba, ba kuma lalaci ba, don ya fi kowa wahala a kan kuɗin nan. Gyara ne ya wuce wuri. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.